Fararen yatsu: Yadda sakacin kamfanin kwal ya janyo wa Birtaniya diyyar fam biliyan 1.7

A watan Satumban 1997, wata babbar kotu a birnin Newcastle da ke arewa maso gabashin Ingila ta umarci kamfanin kwal na gwamnati, British Coal, ya biya wasu tsofaffin ma'aikatansa bakwai diyyar fam 127,000. Mutanen ba rami ne ya rufta da su ba, ba kuma gobara ce ta ƙone su ba. Hannuwansu ne suka lalace sannu a hankali, sakamakon shekarun da suka kwashe suna riƙe da injinan huda dutse masu jijjiga a ƙarƙashin ƙasa.

Kuɗin ba su taka kara sun karya ba idan aka dubi girman kamfanin. Amma hukuncin ya buɗe ƙofar da ta kasa rufuwa. Kafin a kammala, kusan mutum 170,000 ne suka shigar da buƙatar diyya kan wannan cuta, kuma baitulmalin Birtaniya ya biya kimanin fam biliyan 1.7.

Shari'ar, wadda aka fi sani da ƙarar Armstrong, ta amsa wata tambaya da ta shafi duk mai ɗaukar ma'aikata: idan kayan aiki suna cin jikin ma'aikaci kaɗan-kaɗan, ba tare da jini ko karaya ba, daga yaushe ne alhakin ke hawa wuyan ubangidansa?

Yadda cutar take

Likitoci na kiranta cutar jijjigar hannu da damtse, amma a bakin ma'aikata sunanta fararen yatsu. Tana kama mutanen da ke yawan riƙe injinan da ke karkarwa a hannu: injin fasa kwalta, injin huda dutse ko kankare, injin goge ƙarfe da yankansa, injin sarar itace, injin yankan ciyawa da makamantansu.

Ɓarnar kashi uku ce. Ta farko a ƙananan hanyoyin jini na yatsu take. Da zarar sanyi ya taɓa hannun, sai hanyoyin su tsuke, jini ya janye, yatsan ya yi fari fat kamar kyandir, mai shi ya daina jinsa. Bayan wasu mintuna jinin kan dawo da raɗaɗi da zugi, yatsan ya yi ja. Ga mai baƙar fata, an fi ganin sauyin launin a tafin yatsu da ƙarƙashin farce.

Ta biyu a jijiyoyin da ke kai saƙon taɓawa zuwa ƙwaƙwalwa take. Takan fara da minjirya bayan an tashi aiki, wadda ke gushewa da kanta. Idan aka ci gaba da aikin, sai ta zauna daram, yatsu su mutu, mutum ya kasa ɓalla maɓallin rigarsa, ya kasa tsintar kwabo a ƙasa, ya kasa bambance ruwan zafi da na ɗumi. Ta uku kuwa tana taɓa tsoka da gaɓɓai, ƙarfin damƙa ya ragu, kofin shayi ya riƙa suɓucewa.

Abin da ya sa cutar ta zama abin tsoro shi ne ba ta da magani idan ta yi nisa. Farin yatsu na iya raguwa idan aka daina aikin da wuri, amma jijiyar da ta mutu ba kasafai take farfaɗowa ba. Shan taba na ƙara tsananta ta, domin shi ma yana tsuke hanyoyin jini.

An san da ita tun 1911

Babban makamin lauyoyin mahaƙa kwal a kotu shi ne tarihi, domin cutar ba baƙuwa ba ce. Tun a 1862 likitan Faransa Maurice Raynaud ya bayyana yadda yatsun wasu mutane ke yin fari idan sun ji sanyi, ko da yake bai danganta hakan da aiki ba. A 1911 wani farfesa ɗan Italiya, Giovanni Loriga, ya ba da rahoton irin waɗannan alamu a hannun ma'aikatan da ke amfani da gudumar da iska ke sarrafawa.

A 1918 likitar Amurka Alice Hamilton, wadda daga baya ta zama mace ta farko da ta koyar a Jami'ar Harvard, ta je wuraren fasa dutse na garin Bedford a jihar Indiana. Ta tarar masassaƙa dutse suna kokawa da abin da suke kira matattun yatsu. Ta lura cewa hannun hagu, wanda ke riƙe da kurfi, shi ya fi shan wahala, kuma ta ɗora laifin kan abu uku: jijjigar injin, matse shi da ƙarfi, da sanyi.

Shekara 60 bayan haka, a 1978, wasu masu bincike suka koma garin na Bedford. Suka iske ana aiki da kusan irin gudumar da Hamilton ta gani, kuma kimanin kashi 80 cikin 100 na masassaƙan da suka duba suna da cutar. Ilimin yana nan a rubuce, amma bai isa bakin aiki ba.

A Birtaniya ma haka aka yi ta jan ƙafa. Majalisar da ke ba gwamnati shawara kan raunukan aiki ta duba batun fiye da sau ɗaya tun daga shekarun 1950 ba tare da ta amince a sanya cutar cikin jerin waɗanda gwamnati ke biyan tallafi a kansu ba. A 1975 hukumar tsara ma'aunai ta ƙasar ta fitar da daftarin jagora kan iyakar jijjigar da hannu zai iya ɗauka. Sai a watan Afrilun 1985 aka amince da fararen yatsu a hukumance a matsayin cutar da aiki ke haddasawa.

Ranar da ya kamata a sani

An mayar da ma'adinan kwal na Birtaniya hannun gwamnati ranar 1 ga Janairun 1947, ƙarƙashin Hukumar Kwal ta Ƙasa, wadda ta gaji ma'aikata fiye da 700,000. A 1987 aka sauya mata suna zuwa British Coal. Ba ƙaramin ɗan kwangila ba ne da zai ce bai da labari. Hukuma ce mai likitocinta, da injiniyoyinta, da cibiyoyin bincikenta.

Dokar Ingila ba ta cewa duk raunin da ma'aikaci ya ji a wurin aiki laifin mai kamfani ne. Wanda ya kai ƙarar sakaci sai ya tabbatar da abu huɗu: cewa kamfanin na da nauyin kare shi, cewa ya gaza sauke nauyin, cewa gazawar ce ta haddasa cutar, kuma cewa ya yi asara a dalilinta. Na farko ba a cika jayayya a kansa ba. A kan na biyu ake fafatawa.

Mizanin da alƙalai ke amfani da shi ya samo asali ne daga wani hukunci na 1968, a ƙarar da aka kai kamfanin Guest, Keen and Nettlefold. Taƙaitaccen bayaninsa shi ne ana auna kamfani da abin da mai hankali da tsantseni zai yi, gwargwadon abin da ya sani ko ya kamata a ce ya sani. Dole ne ya riƙa bibiyar sabon ilimi a fagensa, kada ya yi nawa wajen aiki da shi. Idan kuma ya fi sauran kamfanoni sanin haɗarin, to nauyin da ke kansa ya fi nasu.

Da wannan mizani aka auna British Coal. An zaɓi ƙararraki tara a matsayin zakaran gwajin dafi, da goyon bayan ƙungiyoyin ƙwadago na mahaƙa. A farkon 1996 kotu ta yanke cewa zuwa ranar 1 ga Janairun 1973 ya kamata kamfanin ya gane cewa injinansa na iya lalata hannun ma'aikata, kuma zuwa 1 ga Janairun 1975 ya kamata ya fara ɗaukar matakai. Wato an ba shi rangwamen shekara biyu na nazari da shiri, amma daga nan babu sauran uzuri.

Matakan da ake magana a kai ba masu tsada ba ne. Su ne a gargaɗi ma'aikata kan alamun cutar, a riƙa duba hannuwansu lokaci-lokaci, a rage tsawon lokacin da mutum ɗaya ke riƙe da inji ta hanyar karɓa-karɓa, a kuma janye wanda alamu suka bayyana a jikinsa. Kamfanin bai yi ba. A 1997 bakwai daga cikin mutum taran suka yi nasara, sannan a watan Yulin 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da alhakin.

Wannan rana ta sani ba ɗaya ba ce ga kowace sana'a. A manyan masana'antu irin su kwal da ƙera jiragen ruwa, kotuna sun fi sanya ta a tsakiyar shekarun 1970. A wata ƙara da ta shafi kamfanin aikin katako kuwa, kotun ɗaukaka ƙara ta kai ta farkon shekarun 1990, saboda bayanin haɗarin bai yaɗu a wannan sana'a da wuri ba. Amma tun da hukumar kula da lafiya da tsaron ma'aikata ta ƙasar, HSE, ta wallafa cikakken jagora kan batun a 1994, da wuya wani kamfani ya fake da rashin sani.

Lissafin da ya ɓace wa gwamnati

Kafin a gama shari'ar an riga an sayar da ma'adinan ga 'yan kasuwa a 1994. Bashin da ke kan British Coal bai bi su ba. Ranar 1 ga Janairun 1998 alhakin ya koma kan Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu, ma'ana kan masu biyan haraji.

Da yake kotuna ba za su iya sauraren dubban ƙararraki ɗaya bayan ɗaya ba, sai a watan Janairun 1999 ma'aikatar da lauyoyin mahaƙa suka ƙulla yarjejeniyar biyan diyya ba tare da zuwa gaban alƙali ba. An kasa ma'aikata rukuni uku bisa yawan mu'amalarsu da injinan. Waɗanda aikinsu ya nuna a fili suna riƙe inji kullum, ba sai sun kawo dogon shaida ba. Waɗanda ke rukuni na uku kuwa sai sun tabbatar da cewa lallai sun yi amfani da shi.

Daga nan sai gwajin likita. Ana auna tsananin cutar da wani ma'auni da masana suka amince da shi a birnin Stockholm, wanda aka wallafa a 1987. Ɓarnar hanyoyin jini na da mataki daga 0 zuwa 4, ta jijiyoyin ji kuma daga 0 zuwa 3, kuma kowane hannu da nasa makin. Matakin da mutum ya kai da kuma shekarunsa su ke yanke abin da zai karɓa.

Akwai kuma ƙarin diyya ga wanda cutar ta hana shi ayyukan gida da ya saba yi da kansa. An lissafa guda shida: aikin lambu, wanke tagogi, ƙananan gyare-gyaren gida, fenti, wanke mota da gyaranta. Hujjar ita ce wanda hannunsa ya mutu dole ya nemi wani ya yi masa, ko ɗa ko maƙwabci ko ɗan haya, kuma wannan ma asara ce.

Gwamnati ta yi hasashen mutum 45,000 ne za su nema. Sai ga kusan ninki huɗu. A lokaci guda kuma akwai wani shirin na mahaƙan da ƙurar kwal ta lalata wa huhu, wanda ya tara buƙatu kusan 590,000. A rahotonsa na 2007, ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya ƙiyasta cewa shirye-shiryen biyu za su laƙume diyyar fam biliyan 4.1, ban da wasu fam biliyan 2.3 na kuɗin lauyoyi da likitoci da gudanarwa. Jinkiri ya yi yawa, har wasu tsofaffin mahaƙa suka rasu ba su ga ko sisi ba, sai iyalansu ne suka karɓa.

Lauyoyi sun ci rabonsu, wasu har da na marayu

Wani abin takaici a labarin shi ne yadda wasu daga cikin waɗanda aka ɗauka don su ƙwato haƙƙin mahaƙan suka koma cin gumin su. Gwamnati ce ke biyan kuɗin lauya a ƙarƙashin yarjejeniyar, amma duk da haka wasu ofisoshin lauyoyi suka riƙa yankar wani kaso daga diyyar mutanen, ko su miƙa shi ga 'yan tsakiya.

A watan Disambar 2008 kotun ladabtar da lauyoyi ta soke lasisin manyan lauyoyi biyu na ofishin Beresfords da ke Doncaster, ofishin da ya samu miliyoyin fam daga ƙararrakin mahaƙa. An hukunta wasu ofisoshin da tara ko dakatarwa, aka kuma tilasta wa da dama mayar da kuɗin da suka yanka.

Daga baya sai aka shiga zagaye na biyu, inda mahaƙa suka riƙa kai ƙarar tsofaffin lauyoyinsu bisa cewa ba su faɗa musu suna da damar neman diyyar ayyukan gida ba. Biyu daga cikin irin waɗannan ƙararraki sun kai har kotun ƙoli a 2019. A ta watan Fabrairu, wadda ta shafi ofishin Raleys na garin Barnsley, kotun ta ce bai wadatar mutum ya nuna lauyansa ya yi sakaci ba, sai ya kuma tabbatar da cewa da an ba shi shawarar da ta dace, da zai shigar da buƙatar kuma bisa gaskiya. Shekara 22 ke nan bayan hukuncin Newcastle, ana ta shari'a kan yatsun mutanen da yawancinsu suka daɗe da barin rami.

Ƙa'idar da ke aiki yanzu

A 2002 Tarayyar Turai ta fitar da umarni kan jijjiga a wurin aiki, Birtaniya kuma ta mayar da shi doka da ta fara aiki ranar 6 ga Yulin 2005. Dokar ta kafa iyaka biyu, bisa matsakaicin jijjigar da hannu ke sha a aikin awa takwas. Idan awon ya kai 2.5, wajibi ne kamfani ya ɗauki matakin ragewa, ya kuma fara duba lafiyar ma'aikata a kai a kai. Awon 5 kuwa shi ne shingen da aka hana tsallakewa.

Lissafin na da wani sirri da masu aiki da yawa ba su sani ba: idan ƙarfin jijjigar inji ya ninka sau biyu, lokacin da aka yarda a riƙe shi yana raguwa ne sau huɗu. Injin da awonsa ya kai 5 zai kai mutum matakin farko cikin awa biyu. Mai awon 10 zai kai shi cikin minti 30, ya kuma kai shi shingen ƙarshe cikin awa biyu. Mai awon 20, irin wasu tsofaffin injinan fasa kankare, cikin rabin awa ya cinye kason yini guda.

Domin sauƙaƙawa, HSE ta ce duk wanda ke amfani da inji mai duka kamar guduma fiye da kimanin minti 15 a rana, ko mai juyawa fiye da kimanin awa ɗaya, to akwai yiwuwar ya wuce matakin farko. Kuma kasancewa ƙasa da shingen ba ya nufin an tsira. Ma'aunin ƙasa da ƙasa ya nuna cewa a awon 2.5, ana sa ran mutum ɗaya cikin goma zai fara ganin farin yatsa bayan kimanin shekara 12. A awon 5 kuwa, ƙasa da shekara shida.

Abin da doka ke nema a wurin kamfani a bayyane yake. Ya fara duba ko za a iya yin aikin ba tare da mutum ya riƙe inji ba, misali a ɗaura injin fasa a jikin motar haƙa. Idan ba zai yiwu ba, ya sayi mai ƙarancin jijjiga, ya riƙa gyara shi da wasa bakinsa, domin dakusasshen baki na sa a daɗe ana dannawa. Ya raba aikin tsakanin mutane, ya samar da suturar da za ta riƙe ɗumin jiki, ya koyar da alamun cutar, ya kuma kai rahoto ga hukuma idan likita ya tabbatar da ita. Safar hannun da ake tallatawa da sunan maganin jijjiga kuwa, HSE ta yi gargaɗin kada a dogara da ita. Amfaninta na zahiri shi ne ɗumama hannu.

Masu karya dokar na fuskantar tuhuma, ba diyya kaɗai ba. A 2016 an ci tarar ƙaramar hukumar Thanet da ke Kent fam 250,000 saboda ma'aikatanta masu yankan ciyawa da kula da filaye da suka kamu da cutar. A 2018 wani reshen kamfanin gine-gine na Balfour Beatty ya biya tarar fam 500,000. Waɗannan shari'o'i sun nuna cewa matsalar ba ta mutu da ramukan kwal ba, waɗanda na ƙarshensu mai zurfi, Kellingley, ya rufe a watan Disambar 2015.

Ramukan da ma'aikaci ke faɗawa

Ko da kamfani ya yi sakaci ƙarara, hanyar diyya na da ƙayoyi. Na farko shi ne lokaci. Dokar 1980 ta ba mutum shekara uku ya shigar da ƙara, daga ranar da ya san, ko ya kamata ya san, cewa yana da babban rauni kuma aikinsa ne sila. Da yake cutar na shigowa a saɓule, mutane da yawa kan ɗauka tsufa ne ko sanyi, sai lauyan kamfani ya zo ya ce ai tun shekara goma da suka wuce ya kamata su gane. Alƙali na da ikon ɗaga ƙafa, amma ba tabbas ba ne.

Na biyu shi ne rabon laifi. A wani hukunci na 2001 da ya shafi kamfanin ƙera kayan jirgin ƙasa na British Rail, kotun ɗaukaka ƙara ta amince a rage diyya gwargwadon ɓarnar da ta faru kafin ranar sani, ko wadda za ta faru ko da kamfanin ya yi abin da ya dace. Wanda ya yi aiki a wurare huɗu kuma, sai ya bi kowannensu da kasonsa. A nan ne dokar 1969 da ta wajabta wa kamfanoni yin inshorar ma'aikata ke da amfani, domin ko kamfani ya rushe ana iya bin kamfanin inshorarsa.

Na uku, akwai wasu cututtukan da ke kama da ita, kamar ciwon suga da ke kashe jijiyoyi, ko farin yatsun da wasu ke da shi a halitta. Kamfanonin inshora kan jingina da su. Sannan tun daga watan Oktoban 2013 majalisar dokoki ta sauya doka, ta yadda karya ƙa'idar tsaron aiki kaɗai ba ya wadatar a ci kamfani diyya. Sai an koma an tabbatar da sakaci, kamar yadda mahaƙan kwal suka yi.

Ba ko'ina ne ma ma'aikata suka yi nasara ba. A Japan, inda injin sarar itace ya lalata hannun dubban ma'aikatan gandun daji na gwamnati a shekarun 1960, har aka taƙaita aiki da shi zuwa awa biyu a rana, kotun ƙolin ƙasar ta yanke a 1990 cewa hukumar gandun dajin ba ta gaza sauke nauyinta ba, bisa ilimin da ake da shi a lokacin. Cuta ɗaya, tambaya ɗaya, amsa daban.

Inda zafi ke ɓoye cutar

Injinan da suka jawo wannan shari'a su ne dai ake gani yau a wuraren fasa dutse, da aikin titi, da shagunan masu walda, da hannun masu sarar itace a Najeriya da Nijar da Ghana, kuma da yawansu na hannu ne da aka shigo da su bayan sun tsufa. Binciken da aka yi a ƙasashe masu zafi kamar Malesiya da Indunusiya ya nuna cewa ba a cika ganin farin yatsa a can ba, tun da sanyi ne ke tayar da shi, amma minjirya da mutuwar yatsu da raunin damƙa suna nan. Ma'ana alamar da ta fi saurin tona cutar ita ce ke ɓuya, ɓarnar jijiya kuma tana ci gaba.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya kan gurɓatar iska da ƙara da jijjiga a wurin aiki tun 1977, kuma cututtukan jijjiga na cikin jerin cututtukan aiki da ta sabunta a 2010. A Najeriya, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta bi wata hanya dabam da ta Ingila: ba sai ma'aikaci ya tabbatar da sakaci ba. Kamfanoni na zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, daga nan ake biyan wanda ya ji rauni ko ya kamu da cutar aiki.

Sai dai dokar na da wa'adi. Ma'aikaci zai sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14, kamfani ya sanar da hukumar cikin kwana bakwai, buƙatar diyya kuma a shigar da ita cikin shekara ɗaya, sai in akwai dalili na musamman da zai sa a ƙara lokaci. Mai aikin yini a wurin fasa dutse, wanda ba shi da takardar ɗauka aiki kuma sunansa ba ya cikin kowane rajista, zai sha wuya kafin ya ci gajiyar wannan tanadi.

Mahaƙan Birtaniya sun yi nasara ne da abubuwa uku da suke hannunsu: ƙungiyoyin ƙwadago da suka ɗauki nauyin shari'a, da bayanan aiki da suka nuna wane ne ya yi aiki a wane rami kuma na tsawon wane lokaci, da likitocin da suka san yadda ake auna cutar. Ga wanda ke riƙe irin wannan inji a yau, shawarar masana lafiyar aiki ita ce kada ya jira yatsa ya canza launi. Minjiryar da ta wuce minti 20 bayan an kashe inji, ko wadda ke tashin mutum daga barci, ta isa dalilin zuwa asibiti, a faɗa wa likita irin aikin da ake yi, a kuma tabbatar an rubuta shi a kati tare da kwanan wata.